Gadon da ke rufin kogo

Asabar da dare, Lahad Datu

Wanka biyu na yi tun da muka dawo, amma har yanzu warin kogon nan bai bar hancina ba. Rigar da na shiga da ita na ƙulle ta a leda na ajiye bakin ƙofa, gobe ma san yadda za mu yi da juna. Ƙafafuna sai zogi suke, barci kuma yana fizgata, amma idan ban rubuta yanzu ba gobe rabin abin zai zube.

Tsokana ce ta jawo mini wannan tafiya. Abokin da muke ɗaki ɗaya da shi a Kota Kinabalu, babban birnin jihar Sabah ta ƙasar Malesiya, ɗan ƙabilar Idahan ne, kuma tun ranar da ya gaya mini sana'ar gidansu ita ce ciro sheƙar tsattsewa daga kogo, na sa shi gaba. Ko shinkafa na gan shi yana ci sai in ce, yau ba a samu miyar yawun tsuntsu ba ne? Shi dai murmushi kawai yake. Da hutu ya zo ya ce lokacin ɗiba ya yi, in bi shi gida in ga yawun da idona. Ka san bakin da ya yi tsokana ba ya iya cewa a'a. Muka kwana a bas, wajen awa takwas, muka iso nan jiya da safe.

Yau bayan sallar asuba muka kama hanyar Kunak a motar yayansa. Hagu da dama ba abin da ake gani sai gonakin kwakwar manja, layi bayan layi har ƙarshen gani. Itacen da asalinsa namu ne na Afirka ta Yamma, ga shi nan ya zama arzikin wasu, amma wannan ƙorafin na wata rana ne. An tsayar da mu a shingen jami'an tsaro, aka duba fasfona aka miƙo mini. Tun rikicin 2013, da wasu 'yan bindiga suka ƙetaro daga kudancin Filifin suka shigo yankin Lahad Datu, ba a wasa da tsaro a gabashin Sabah.

Dutsen Madai sai ka zo kusa kake ganinsa, farin dutse ne ya tashi tsakiyar kurmi. A gindinsa akwai wani ƙauye na ɗakunan katako da kwano, a cunkushe, wani kan wani. Abokina ya ce in na dawo bayan wata biyu ba zan tarar da kowa ba sai masu gadi. Garin na lokacin ɗiba ne kawai, kamar yadda masunta ke kafa bukkoki a bakin ruwa idan kifi ya zo. Yau kuwa cike yake: mata na suya, yara na guje-guje, ga masu saye zaune da sikeli, ga ɗan masallacinsu.

Nan aka kai ni gaban kawunsa. Dattijo ne siriri, bai kai ni kafaɗa ba, amma da muka yi musabaha sai na ji kamar na kama icen gatari. Pakcik suke ce masa, wato kawu, ni ma na bi sahu. Ya dubi ƙafata ya ga silifas, ya yi wata magana da yarensu, kowa ya fashe da dariya. Aka kawo mini wani baƙin takalmin roba mai ƙurajen ƙasa, irin wanda suke wa laƙabi da Adidas kampung, Adidas ɗin ƙauye ke nan. Na so in yi girman kai. Allah Ya taimake ni ban yi ba.

Tun daga bakin kogon wari ke tarbarka, mai shiga ido kamar an buɗe tsohon masai. Ƙasan ba ƙasa ba ce, kashin jemage ne da na tsuntsu da ya taru shekara da shekaru, laushi kamar ka taka dusa jiƙaƙƙiya. Da na haska fitila sai na ga ƙasan tana motsi. Kyankyasai ne, ba ɗari ba, ba dubu ba. A jikin bango ga wani irin shanshani mai dogayen ƙafafu. Ban yi taku ashirin ba santsi ya ɗebe ni, na kai hannu zan dafa bango, na tuna abin da na gani a bangon, na janye hannun, sai ga ni zaune daɓas. Yaran da ke biye da mu yau sun samu labarin da za su kai makaranta.

Abin da ya fara kashe mini baki shi ne ƙarar. Cikin duhun nan sai kake jin ƙas-ƙas-ƙas ta ko'ina, kamar mutum dubu suna taunar ƙashi. Tsuntsayen ne. Da wannan ƙara suke gane hanya a inda ido ba ya aiki: su yi ta, ta bugi dutse ta dawo musu, su san inda bango yake. Na san jemage na yin haka, ban taɓa sanin akwai tsuntsun da ke yi ba. Kuma ba sa tsintar ciyawa kamar tsattsewar da ke liƙa laka a zaurenmu. Yawunsu suke zarowa siriri-siriri su manna a dutse, ya bushe, su ƙara wani, sama da wata guda kafin sheƙa ta kammala. Iri biyu ne ake nema. Akwai farar, wadda kusan yawu ce zalla, ita ce mai tsada. Akwai baƙar, wadda tsuntsun ke cakuɗawa da gashinsa. Duk abin da na ga an sauko da shi yau baƙa ce.

Sai Pakcik ya ce in kashe fitilata in ɗaga kai.

Can sama, inda na zaci taurari ne, ashe fitilun goshi ne na mutane. Da idona ya saba sai na fara rarrabe tsanin. Da rotan ake saƙa shi, wata igiyar kurmi ce irin wadda ake kujeru da ita, yana reto daga rufin kogon kamar zare. Daga jikinsa an ɗaura wani tsanin na gora a kwance, mutum yana kansa, a hannunsa doguwar gora mai ƙarfe a baki yana ɓanɓaro sheƙa da ita. A ƙasa kuma mutum shida ko bakwai sun riƙe igiyoyi. Na sama ya yi kira, na ƙasa su amsa, su ja ko su sassauta, tsanin ya juya da shi zuwa wani lungun. Ba wanda ke hira a cikinsu. Ni da na zo kallo ma sai na ji tafin hannuna ya jiƙe. Kakana na wajen uwa mai ɗora amya ne, na sha ganinsa a kan kuka da dare da wuta a hannu, ina ganin babu jarumi kamarsa. Kukar nan ko an ɗora uku a kan juna ba za ta kai inda mutumin nan yake ba.

Na tambayi Pakcik, abokina yana fassara, yaya kowa ke sanin inda zai ɗiba? Ni dai duhu ɗaya nake gani. Ya karɓi fitila ya riƙa haska rufin yana kiran sunaye. Wannan ramin na gidan wane ne. Daga wancan tsagin zuwa inda dutse ya yi ƙoƙo, na zuriyar kakarsa ne. Wancan lungun mutum goma sha ne ke da haƙƙi a cikinsa, saboda mai shi ya rasu ya bar 'ya'ya, su ma sun bar nasu. Kowane lungu da sunansa, kowane da masu shi. Wallahi sai na ji kamar ina tsaye a gonar gidanmu ranar da alƙali ya zo rabon gado, ana nuna iyaka daga tsamiya zuwa suri. Su tasu gonar a sama take, a kife, babu wanda ya taɓa shuka komai a cikinta, kuma rigimar da ake yi a kanta iri ɗaya ce da tamu. Ya ce tun kaka da kakanni suke riƙe da kogon, ɗa ya gaji uba fiye da sau ashirin. Suna ma da tsohuwar takarda ta asalinsu da rubutun Jawi, wato ajaminsu, wadda ake danganta ta da shekarar 1408, tana ba da labarin wani kakansu Abdullah da ya karɓi Musulunci. Da na ce masa mu ma da haruffan Larabci kakanninmu suka rubuta Hausa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Ba kullum ake hawa ba. Akwai ɗibar farkon shekara, tsakanin Fabrairu da Afrilu, kafin tsuntsu ya yi ƙwai, don ya samu damar sake gini. Sai a bar shi ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su tashi, sannan a dawo tsakanin Yuli da Satumba a kwashe sheƙar da aka gama da ita. Wanda ya yi gaggawa ya zubar da ƙwai, in ji Pakcik, jikansa ya sata. Shi ya sa ake gadin kogon har lokacin da ba kowa, don ɓarawon sheƙa ba ya duba ko akwai ɗa a ciki.

Wani abu dai ya tsaya mini a rai. Da yawa daga masu hawan ba su ne masu lungun ba. Mai gado yana ƙasa, wani ma yana ofis a birni, ɗan ƙwadago ne ke sama. Na tambayi ko ana faɗowa. Pakcik bai amsa ba, ya ci gaba da warware igiya. Sai a mota abokina ya ce mini ƙanen Pakcik ɗin a kogon ya rasu, shi ya sa. Na ji kunyar bakina.

Da azahar aka sauko da buhu. Na ɗauki sheƙa ɗaya na juya ta a tafin hannuna: kamar rabin ƙaramin ludayi, ba nauyi ko kaɗan, gashi ya cakuɗe da wani abu mai kama da busasshen ƙaro. Kafin ta zama abinci sai an jiƙa ta, a zauna da matsefata ana tsince gashin ɗaya bayan ɗaya. 'Yan Sin ne manyan masu saye, ɗaruruwan shekaru ke nan, suna dafa ta da sukari suna sha don ƙarin lafiya. Kilo ɗaya na farar idan ta isa kantunan Hong Kong dubban daloli ne. Kuɗin da na ga mai sikeli yana ƙirgawa a bakin kogo bai yi kama da wannan ba ko kusa. Ga kuma gidajen kiwo da suka cika gari yanzu: dogon bene ba tagogi sai ƙananan ramuka, an sa lasifika tana kukan tsattsewa dare da rana, tsuntsu ya shiga ya yi sheƙa, mai gida ya ɗebe da ɗan tsanin da bai fi na gyaran fanka ba. Akwai ɗaya a bayan masaukin nan, ina jin sa yanzu haka.

Na ce, Pakcik, kai kana sha? Ya yi dariya har da tari. Ya ce sau ɗaya, lokacin da ya yi jinya, kuma bai ji ɗanɗanon komai ba sai na sukari. Wa zai cinye kuɗin makarantar yara a kofi ɗaya?

Bayan isha na kira Inna na ba ta labari. Ba ta tambayi tsani ba, ba ta tambayi tsayin kogo ba. Cewa ta yi, "Kai dai ba ka ci ba ko?" Na ce ban ci ba, amma ai mun karanta a zaure cewa duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da yawunsa. Ta ce malam ya faɗa a littafi, bai ce a zuba a kwano ba. Ta ce in gaishe da dattijon, in ce Allah Ya sauko da su lafiya.

Takalmin robar yana nan wurina, na manta ban mayar ba. Gobe da asuba za su sake hawa, abokina ya ce in ina so in riƙe igiya tare da na ƙasa. Na ce masa sai na ga yadda ƙafata ta kwana.