Ramukan tassa a fakon da na gada

Da aka raba gadon mahaifinmu, abin da ya faɗo hannuna wani fako ne a gindin dutse, tsakanin Badagishiri da Illela a jihar Tawa. Ƙasa ce ja, ta ƙeƙashe kamar daɓe, ko ciyawa ba ta fitowa. In ruwan sama ya zuba, sai ya bi ta kanta ya gangara kwari, ya tafi da ɗan abin da ya rage.

Kawuna ne ya ce in yi mata tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama. Shi a gabansa aikin ya bazu a Adar: a 1989 wasu manoman yankin Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a mataccen fili ana zuba taki, suka dawo suka gwada a gida.

Na fara haƙa cikin Maris, daga asuba zuwa hantsi, don da rana ta take ba mai iya ɗaga dagi. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfinsa wajen 15 zuwa 20, kuma hekta guda tana cin ramuka kusan 10,000. Ni kwata kawai na iya a shekarar farko, shi ma sai da na kira gayya. Ina cikin aiki Kawu ya zo, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ta ina kake so ruwan ya shiga?" Ashe ƙasar da nake fitarwa a saman rami nake tara ta, ta wajen da ruwa ke gangarowa, na toshe masa hanya da hannuna. A bakin ramin ta wajen gangare ake tara ta, a lanƙwasa ta kamar jinjirin wata ta tare ruwan. Layuka kuma a sarƙe ake yin su, ruwan da ya kuɓuce wa rami ɗaya ya faɗa na bayansa. Kwana uku na yi ina gyara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne taki. Na yi jinkiri, sai dab da shuka na kwaso ɗanyen kashin awaki na zuba. Hatsi ya tsiro, ruwa ya ɗauke kwana goma sha, zafin takin ya ƙone fiye da rabi. Shekara ta biyu tun kaka na haƙa ramin taki a bayan gida, ina zuba kashin dabbobi da toka da ƙaiƙayi, ina yayyafa ruwa ina juyawa har ya ruɓe ya yi baƙi. Cikin Afrilu na kai shi gona a amalanke, hannu biyu kowane rami, na ɗan rufe da ƙasa.

A nan na fahimci amfanin gara. Da ina ganinta abokiyar gaba, ashe ita ke bin takin tana huda fakon ta ƙarƙashi, ruwan farko ya samu hanyar nutsewa. Iskar bazara ma tana taimakawa, tana share ganye da rairayi cikin ramukan. A damanar nan an sake yin fari na mako biyu, amma in ka tura yatsa a gindin hatsina sai ka ji sanyi.

Kara ne har yanzu muke ja-in-ja a kansa a gida. Dabbobi na buƙatarsa, murhu ma haka, ni kuwa ina so ya kwanta ya rufe ƙasa daga rana da iska. Mun daidaita a kan rabi. Wajen sassabe na daina tumɓuke sabara da kalgo, rassa nake ragewa in bar biyu ko uku, kuma 'ya'yan gawo huɗu da suka fito cikin ramuka na kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Bana saura kashi ɗaya na fakon, na can sama inda duwatsu suka fi yawa. Su zan fara tsincewa in jera su layi a kan gangaren kafin in sa dagi.