Kiwon Murjani a Ɗakina na Jidda

Mu a gida murjani abin wuya ne, jan nan da iyayenmu mata ke sawa ranar biki. Sai da aiki ya kawo ni Jidda, na leƙa ƙarƙashin Bahar Maliya da tabaran ninƙaya, sannan na ga ashe dabba ne mai rai, yana gina wa kansa gidan dutse. Shi jan na wuya wani iri ne daban, galibi daga Bahar Rum ake samo shi.

Na sayi tanki mai cin lita 200, na haɗa tataccen ruwa da gishirin tanki har ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025, kamar na ruwan teku. Wata uku na bar shi ya zauna kafin in sayo ɗan reshen wani murjani mai suna Acropora, kore shar, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Irin wannan murjani kalsiyam da kabonet yake zuƙa daga ruwa ya yi ƙashi da su, don haka kullum suna raguwa. Wata rana na gwada alkaliniti, wato yawan kabonet ɗin da ke cikin ruwan, na ga 6 a ma'auninsa na dKH, alhali wajen 8 ake so. Hankalina ya tashi. Na zuba magani, dare ɗaya na kai shi 9. Kwana biyu bayan haka naman ya fara saluɓewa daga gindi, kafin gari ya waye babu abin da ya rage sai farin ƙashi. Na daɗe zaune gaban tankin. Da na bi a hankali, kaɗan-kaɗan cikin mako guda, da ya jure. Tsallen nan ne ya kashe shi.

Daga baya na koma kan wani irin murjani, Montipora, wanda ya fi juriya. Gwaji sau uku a mako, ina rubutawa a littafi, magani kuwa ɗigo-ɗigo.

Sai zafin Jidda. Ruwan yana son digiri 25 zuwa 26. In ya haura 30, murjani ya kan kori ƙananan tsiran da ke cikin namansa suna ciyar da shi daga haske, sai ya yi fari fat. Na sa fanka a bakin tankin, ita kuma tana busar da ruwa, gishiri ya ƙaru. Abin da ya ƙafe, da ruwa marar gishiri ake cika shi.

Yau wata bakwai ke nan. Gefen Montiporan ya yi farin layi siriri, alamar sabon ƙashi, ya kuma fara rufe dutsen da na manna shi a kai.