Kwas Ɗaya, Gurbi Biyu: Yadda Na Fahimci Shirin Honors a Texas

A watan Janairun 2024, bayan na kammala zangon karatuna na farko a wata jami'ar gwamnati da ke jihar Texas ta Amurka, aka aiko mini da saƙo cewa makin da na samu ya kai a gayyace ni shiga shirin da suke kira Honors. Da hantsi na kira mahaifina a Zariya, inda a lokacin har sun idar da sallar la'asar. Tsohon malamin sakandare ne, kuma takardar digirinsa da ke rataye a falo tana ɗauke da kalmar Hons, don haka da jin labarin sai ya ce: "Ikon Allah! Tun ba ka gama ba har sun ba ka? Mu sai da muka rubuta jarrabawar ƙarshe." Na ce masa, "Baba, ku yi mini addu'a dai, ni ma ban gane kan abin ba tukuna."

A tsarin da Nijeriya ta gada daga Ingila, wannan kalma tana tafiya ne da digirin kansa da darajar da mutum ya fita da ita. Abin da ya yi kama da haka a Amurka shi ne lambobin yabo masu sunan Latin, wato cum laude da magna cum laude da summa cum laude, waɗanda ake bayarwa bisa matsakaicin maki a ƙarshen karatu. Shirin da aka gayyace ni kuwa wata hanya ce ta daban a cikin jami'ar, mai ƙananan azuzuwa da yawan karatu da rubutu. Ana danganta yaɗuwarsa da Frank Aydelotte, shugaban kwalejin Swarthmore da ke jihar Pennsylvania, wanda ya yi karatu a Oxford, ya kuma fara irin wannan tsari a kwalejinsa a 1922.

Tsoron da ya fara kama ni na kuɗi ne. Na baro jami'ata a gida bayan yajin aikin malamai na 2022 da ya ci mana wata takwas, kuma ba dukan kwasa-kwasan da na yi a can aka karɓa a nan ba. Digirin farko a yawancin fannoni yana buƙatar kiredit 120 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas, gwargwadon sa'o'in darasinsa a mako), ɗalibin da ya zo da bizar karatu dole ne ya ɗauki aƙalla kiredit 12 a kowane zango, sannan a kan kowane kiredit yana biyan kuɗi fiye da ɗan jihar nesa ba kusa ba. Da na ga an rubuta cewa shirin yana neman kiredit 24 a jami'armu, sai na ɗora su a kan 120 ɗin, na ce wannan ai tsugune ba ta ƙare ba ke nan, domin ƙarin shekara guda ce cur.

Ma'aikaciyar da ke ba mu shawara kan tsarin karatu ce ta warware mini. Ta juyo da fuskar kwamfutarta wajena, ta buɗe shafin da ke bin diddigin digirin kowane ɗalibi, inda kowane sharaɗi yake da layinsa, wanda aka cika da koren tambari a gefensa, wanda ya rage kuma da ja. Ta nuna mini cewa digirin kashi uku ne. Akwai kwasa-kwasan gama-gari, akwai na fannina, wato tattalin arziki, akwai kuma na zaɓi da ake cike ragowar da su. Na gama-garin sun tuna mini da GST da muke yi a gida, sai dai a nan sun fi nauyi ƙwarai, domin a jami'o'in gwamnati na Texas kiredit 42 ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku na digirin. A cikinsu akwai shida na rubutu da sadarwa, shida na kimiyya, uku na lissafi, shida na tarihin Amurka, da shida na tsarin mulki, wanda ya haɗa da na jihar Texas kanta. Baƙon da ya zo daga Zariya domin karanta tattalin arziki ma sai ya san cewa majalisar dokokin jihar tana zamanta na yau da kullum ne sau ɗaya a shekara biyu.

Sai ta ɗora alƙalaminta a kan layin tarihin Amurka, wanda yake ja, ta ce ko ina cikin shirin ko ba na ciki sai na yi wannan kwas. Idan na yi rajistar ajin Honors na kwas ɗin, kiredit ukun da zan samu za su shiga wannan gurbi, su kuma shiga lissafin 24 ɗin nan a lokaci guda. A nan na gane cewa yawancin kwasa-kwasan shirin suna maye gurbin waɗanda dama wajibi ne a kaina, kuma dabarar duka ita ce mutum ya iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ajin tarihin da na shiga mu goma sha bakwai ne, muna zaune kewaye da dogon tebur guda, alhali ajin gama-gari na kwas ɗin ana yin sa a babban zaure. Farfesan ba ya karanto darasi mu rubuta. Yakan ba mu takardun asali mu karanto, kamar jawabin Frederick Douglass na 1852 game da ranar 4 ga Yuli, sannan ya jingina da kujera ya jira wani ya buɗe baki. Ni da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a katse malami, ba a kuma zuba masa ido, sai na yi mako uku ban ce uffan ba, har ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya shaida mini cewa magana a aji tana cikin makin da yake bayarwa. A ganina wannan ya fi yawan karatun wuya, kuma har yau nauyin bakin bai gama sakina ba.

Duk da bayanin da aka yi mini, sai da na yi tuntuɓe. A zango na gaba na ga wani kwas na shirin game da abinci da ƙaura, ya burge ni, na yi rajista ba tare da na koma shafin nan na duba ba. Sai da zango ya yi nisa, lokacin janyewa a mayar wa mutum kuɗinsa ya wuce, na lura cewa kwas ɗin bai cike kowane gurbi na gama-gari ba, bai kuma shiga fannina ba. Ya faɗa cikin na zaɓi ne, kuma nawa na zaɓi sun riga sun cika da kwasa-kwasan da aka karɓa daga Nijeriya. Ofishin shirin ya ce lissafin digiri aikin sashena ne, sashena ya ce kwas ɗin ba nasu ba ne. Na ji daɗin darasin, ya kuma shiga cikin 24 ɗin, amma bai matsar da ni ko taku ɗaya zuwa ranar kammalawa ba, kuma na biya kuɗinsa daga abin da yayana ya turo. Rabin laifin nawa ne, domin tambaya ɗaya ta isa ta hana haka.

Daga nan na koma ga abin da suke kira yarjejeniya. Idan kwas na fanninka ba shi da ajin Honors, kana iya zuwa wurin malamin ku rubuta ƙarin aikin da za ka yi, ku sa hannu, ofishin shirin ya amince, sai kwas ɗin ya zama na shirin a gare ka kai kaɗai. Haka na yi a kwas ɗin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa, inda na rubuta takarda a kan adashi. Da na gabatar da ita, wata ɗaliba da iyayenta suka fito daga Meziko ta ce mahaifiyarta tana yin irinsa, sunansa tanda a wurinsu, muka ɗauki lokaci muna kwatanta yadda uwar adashi take yi da wanda ya kwashi rabonsa ya daina zubi.

Akwai amfani biyu da ba su shafi kiredit ba. A jami'armu 'yan shirin suna yin rajista kafin sauran ɗalibai, kuma da wannan dama nake kauce wa darussan da ke faɗawa lokacin sallar Juma'a, tunda kwasa-kwasai da yawa ana yin su ne Litinin da Laraba da Juma'a. Na biyun ya fi girma: dokar Texas ta ba jami'o'in gwamnati damar barin baƙon da ya ci gasar tallafin karatu na aƙalla dala 1,000 ya biya kuɗin makaranta irin na ɗan jiha, kuma ta hanyar shirin na samu labarin tallafin da na nema. Sharaɗin zama a ciki shi ne kada matsakaicin makina ya faɗi ƙasa da 3.5, a ma'aunin da ƙarshensa 4.0 ne, ba 5.0 irin na gida ba, abin da sai da na maimaita wa Baba sau biyu kafin hankalinsa ya kwanta.

Yanzu jan layi uku ne suka rage a shafina. Ɗaya daga cikinsu shi ne kundin bincike na ƙarshe, wanda sashena ya yarda a rubuce, bayan na nemi hakan da kaina, cewa zai tsaya a madadin kwas ɗin kammalawa na fannin. Malamin da na yi yarjejeniyar adashi da shi ya karɓi duba aikin, ya kuma ce in kawo masa shafi biyar na farko kafin hutun hunturu.