Tafiyar Maigatari da motar da ba ta jin sifana

Ranar Alhamis ce kasuwar Maigatari, mu kuwa sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar Kano, ni da Baffa, za mu sayen raguna. Watan Afrilu ne, rana kamar ta fasa dutse. Muka wuce Gezawa lafiya, muka ci ƙosai a Gujungu, muka miƙi hanyar Gumel. Ba mu yi nisa ba mota ta mutu. Ba tari, ba gargada, ta yi shiru kawai.

Motar Kwatano ce, shekara 4 tana hannuna, ban da juye da taya ba ta taɓa cin kuɗina ba. Na faɗi haka don kada a ɗauka ƙorafi na zo yi.

Wani yaro mai babur ya ɗauko mana bakanike daga ƙauyen da ke kusa, dattijo da sifanu a cikin buhu. Ya cire fulogi, babu wuta. Ya kasa kunne, famfon mai yana aiki. Sai ya goge hannu ya ce, "Alhaji, wannan ba ta sifana ba ce. Ƙwaƙwalwarta ce ta hana wuta, sai an sa mata kwamfuta."

Baffa kamar jira yake. Ya shiga labarin Peugeot 504 ɗinsa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Kafireta ta toshe, a busa. Kontak ya ci, a goge da takardar yashi. Batir ya yi sanyi, samarin gari su tura. Ya ce bai taɓa kwana a hanya ba. Gaskiya ya faɗa. Amma ni ma na tashi a zamanin waɗannan motoci, na san kusan kowane mako sai an buɗe bonet, ga shan mai, ga wahalar tashi da safiyar hunturu.

Bayan kamar minti 40 na murza makulli, ta tashi. Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce akwai wata 'yar sansa kusa da ƙaramshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yadda injin ke juyawa, don ta san lokacin sakin wuta da mai. In ta fara lalacewa, zafi ne ke ɗauke ta, ta huce ta dawo. Ashe ya san ciwon. Abin da ba shi da shi na'urar tabbatarwa ce da kayan canji, kuma wannan ne ya tsaya mini a rai. Tun 1996 motocin Amurka ke zuwa da kafar da ake jona na'urar gwaji, amma ga mutum mai basira irin wannan bai taɓa riƙe ta ba.

Haka muka lallaɓa, tafiya kaɗan, hutu a inuwar darbejiya. Mun shiga Maigatari bayan la'asar, manyan raguna duk an loda su a tirela.

Washegari a Kano na'ura ta nuna sansar nan dai da dattijon ya ambata. Na sayo ta a Ƙofar Ruwa, ba ta kai tsawon yatsa ba. Na haɗa da ƙaramar na'urar gwaji guda 2, ɗaya tana motata, ɗayar zan kai masa ranar da zan koma Gumel.