Girman tabo ba shi ne girman damuwa ba

Aiki da masu tabon ƙuna, tsagaggen leɓe, shanyewar ɓarin fuska ko babbar tawadar Allah yana koya wa mutum abu guda tun da wuri: ba a auna damuwa da faɗin tabo. Za ka ga wanda wuta ta ci rabin fuskarsa yana harkokinsa cikin jama'a, ga kuma mai ɗan tabon da bai wuce tsawon farce ba ya shekara bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Masu bincike irin su Nichola Rumsey a Bristol ta Ingila sun daɗe suna nuna haka. Abin da ya raba mutanen biyu shi ne abin da kowannensu yake zaton ana gani, da abin da yake yi idan an kalle shi.

A 1980, Robert Kleck da Angelo Strenta sun yi wani gwaji a Amurka. Aka zana wa mutane tabon ƙarya a kumatu, aka nuna musu a madubi, sannan aka goge shi ba da saninsu ba, da sunan ana gyara shi. Suka je suka yi hira da baƙi, suka dawo suna cewa an yi ta kallon tabon, an takura da su. Alhali fuskarsu wasai take. Wannan ba ya nufin tsangwama ƙarya ce. Ana ƙura ido, ana ja da baya, yara suna nuni da yatsa. Amma wanda ya fito yana jiran wulaƙanci, ko kallon mamaki aka yi masa ƙyama zai gani.

Shi ya sa aikin yake farawa daga daƙiƙun farko na haɗuwa. Mai kallo galibi bai san yadda zai yi ba ne, yana jiran alama. Idan ka sunkuyar da kai ka yi shiru, sai ya ƙara daburcewa. Idan ka ɗago, ka dube shi, ka riga shi gaisuwa, yawanci an wuce wurin. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ko da fuskar da tabo. Wanda jijiyar fuskarsa ta mutu kuwa, murmushi ba ya fita, sai a ɗauka fushi yake. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan karin maganar ta gaza. Shi sai ya mayar da fara'arsa cikin murya da hannu, har ya faɗa da baki: "Na ji daɗin ganinka, fuskar ce ba ta nunawa."

Tambayar "Me ya same ka?" za ta zo, don haka a tanadi amsa. Ƙungiyar Changing Faces mai taimaka wa masu tabo a Birtaniya, wadda James Partridge ya kafa a 1992 bayan shi kansa ya ƙone a haɗarin mota, tana koyar da amsa mai gaɓa uku: bayani, kwantar da hankali, sauya zance. "Ƙuna ce tun ina yaro. Ba ta ciwo yanzu. Kai ma layin nan kake jira?" A maimaita ta a gida har ta zauna a baki. Ga mai shisshigi, "Ba na son maganar" ta isa, kuma haƙƙinka ne.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne gudun mutane. Ƙin fita yana kawo sauƙi nan take, wannan sauƙin kuma shi ke ciyar da tsoron. Haka rufe wurin da hannu, ko zama kullum ta ɓangaren da ba a gani. Maganinsa hawa-hawa ne. Rubuta wurare 10 da kake gudu, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon tsoron da yake ba ka. Fara da mai maki 3. Tsaya a wurin har faɗuwar gaban ta ragu da rabi, ka koma sau uku ko huɗu kafin ka hau na gaba. Wanda ya fara da mai maki 9 ya gudu a tsakiya, tsoronsa ƙaruwa yake yi.

Tiyata tana gyara, ba ta shafewa, kuma ya kamata a faɗa wa mutum wannan kafin a shiga da shi. Tabo yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya kwanta, a watannin farko ma ja yake yi ya kumbura, don haka kada a yanke masa hukunci a wata na biyu. A kare shi daga rana, domin tana sa shi duhu.

Kada kuma a matsa wa mutum da "ka yi haƙuri, wasu sun fi ka". Akwai ranakun da madubi yake da nauyi, kuma ba koma baya ba ne. Amma idan baƙin ciki, rashin barci da ƙin abinci suka wuce mako biyu, ko tunanin cutar da kai ya shigo, lokacin ganin likitan ƙwaƙwalwa ya yi, ba sai an jira tabon ya gama warkewa ba.