Darasin filin jirgin Sendai: a fara buɗe ƙofa kafin a turo kaya

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa arewa maso gabashin Japan. Amurka ta tura wa ƙawarta sojoji kusan 24,000, aka raɗa wa aikin suna Tomodachi, wato aboki. Babban abin da mai shirya agajin soja zai ɗauka a nan shi ne, buhun shinkafa ba ya amfanar kowa muddin babu inda za a sauke shi.

Ruwa ya shanye filin jirgin saman Sendai, babban birnin yankin, ya bar laka da motoci da katako a kan titin sauka mai tsawon mita 3,000. Ba a tsaya jiran a share shi duka ba. An gyara kamar rabinsa, ranar 16 ga Maris jirgin dakon kaya samfurin MC-130 ya sauka. Shara a nan ba ta ganin ido ba ce, domin ƙusa guda idan injin jirgi ya zuƙe ta, tana iya lalata injin, titin ma ya toshe. Hasumiyar ba da umarni ba ta aiki, saboda haka da rediyon hannu aka riƙa saukar da jirage. Sai ranar 13 ga Afrilu jiragen fasinja suka dawo.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne bayan saukar kaya. In babu injin ɗaga kaya da manyan motoci da man da za su sha, sai kaya su taru a filin jirgi, mabukata kuwa na can suna jira. A Tohoku, wato yankin da abin ya shafa, sanyi ake yi har da dusar ƙanƙara, don haka kananzir na ɗumama ɗaki ya zama daidai da abinci.

Tsibirin Oshima ya rasa jiragen fito. Da kwale-kwalen soja masu sauke kaya a gaɓa aka kai masa motocin gyaran wutar lantarki.

Sannan mai gida ne ke jan ragama. Japan ta fito da nata sojoji 100,000, aka kafa cibiyoyin haɗin gwiwa a Ichigaya (ma'aikatar tsaron Japan) da Yokota (sansanin sojan saman Amurka) da Sendai, buƙata ta fito daga Japanawa, baƙo ya cika. Shi ma mai agaji sai ya kula da kansa: katafaren jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Ronald Reagan dole ya sauya matsaya bayan an gano tururin tashar nukiliyar Fukushima, wadda ambaliyar ta lalata, a jikin ma'aikatan helikwaftocinsa.