Gajiyar da barci ba ya korar ta

Wata ungozoma ta zo wurina nan Yamai cikin zafin watan Afrilu, ta zauna ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta ce, "Madam, ni dai ina jin na zama muguwa." Wai mace na naƙuda tana kuka gabanta amma ita ko a jikinta, har haushi take ji. Shekara da shekaru tana gardin dare, ta sauka da safe ga girki ga yara ga dangi na jiran ƙarshen wata, in ta yi ƙorafi a ce ki gode Allah kina da aiki.

Na ce Hajiya wallahi ba mugunta ba ce. Tun 1974 wani masani a Amurka, Herbert Freudenberger, ya ga irin wannan gajiya, wadda ake kira burnout da Turanci, ga masu aikin sa kai a asibitin kyauta, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce matsala ce da aiki ke haifarwa, alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin, mutum ya ga ba ya tsinana komai. Duk ukun tana da su.

Ban yi gaggawa ba, sai da na tura ta aka duba tansiyo da sukari da ƙarancin jini, na kuma tambaye ta ko in ta je biki ko suna tana jin daɗi, don in duhun ya bi mutum ko'ina to ciwon damuwa ne, maganinsa daban.

Konje kam, wato hutun aiki, ta samu, barci ya fara dawowa, ta bar kwana da waya kusa da kai. Amma konje kaɗai ba ya isa, abin da ke cin raina kenan, mutum ya huta wata guda a mayar da shi ƙarƙashin kayan da suka danne shi. Inda muka fi shan wuya shi ne kara, ba ta iya ce wa abokiyar aiki a'a in ta roƙe ta ta riƙe mata gardi, har shef ɗinta muka riƙa gwada yadda za ta yi mishi magana, ni in zama shef ita tana faɗi, muryarta na rawa.

An rage mata dare. Ran da ta dawo ta ce ta riƙe hannun wata yarinya mai haihuwar fari har aka sauka, kuma ta ji tausayinta.